Sabuwar Kaduna Da Ƙafar Yaro

Na san na yi alkawarin wannan makon za mu ƙarasa maganar yaye, kuma na ga tambayoyin da kuka bari a ƙarƙashin rubutun da ya gabata. Ku yi min afuwa, zan ɗage ta zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wata magana ce ta tsaya min a rai, na ga idan ban amayar da ita ba, ba zan iya rubuta komai ba.

Ƙanwar mahaifiyata ce ta zo mana daga Sakkwato. Rabonta da Kaduna ya kai shekara takwas. Da na je tarbarta a Kawo, sai na same ta tsaye riƙe da jakarta tana ta waige-waige. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ke 'yar nan, anya ba wuce gari aka yi da ni ba? Wannan ce Kawon da na sani?" Na ce, "Ita ce Inna." Har muka isa gida tana leƙe ta gilashin mota tana salati, tana yaba fitilu, tana yaba kwalta. Washegari da la'asar ta ce za ta raka yarana biyu Islamiyya, ta ɗan miƙe ƙafa. Makarantar tana tsallaken titi. Da ta dawo ta zauna a kan tabarma, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Garinku ya yi kyau, amma na masu mota ne. Ni da jikokina mun fi minti goma a bakin titi, sai da wani bawan Allah ya tare mana hanya."

Tun ranar nake juya wannan maganar ta Inna.

Ga waɗanda ke karanta mu daga nesa, bari in ɗan ba ku hoton abin. Kaduna gari ne da kogi ya raba biyu, kuma daga kadojin da ke cikin kogin ta samo sunanta. A 2019 gwamnatin jiha ta lokacin, ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta ƙaddamar da shirin sabunta birnin. An faɗaɗa tituna da dama an mayar da su tagwaye, irin su Yakubu Gowon, Alƙali, Isa Kaita da titin da muke kira Waff. An sake gina gadar Kawo, aka haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a shataletalen Leventis, aka gyara Dandalin Murtala, aka kuma yi sabuwar gada a kan kogi daga Kabala Costain zuwa titin Aliyu Makama a Barnawa. A watan Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe wasu daga cikin ayyukan. An rushe gidaje da shaguna da kasuwanni a kan hanyar yin haka, wasu sun ji daɗi, wasu har yau suna kuka. Ba siyasa na zo yi ba, kun san ba fagena ba ne. Abin da ma'aikaciyar jinya take gani daga bakin gadon marar lafiya shi zan faɗa.

Zan fara da alherin, domin akwai shi, kuma wanda ya ƙi faɗinsa bai yi adalci ba.

Wani dare ina bakin aiki aka shigo da wata mata da ta haihu a gida. Jariri lafiya lau, amma jini ya ɓalle mata. Zanin da aka naɗo ta a ciki ya jiƙe sharkaf, tafin hannunta fari fat, jikinta sanyi ƙalau. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace mai cikakkiyar lafiya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba, shi ya sa a wurinmu kowane minti yana da lissafi. Allah Ya taimaka aka shawo kansa, aka yi mata ƙarin jini. Da gari ya waye mijin yake ce min daga tsallaken kogi suka taso, ta sabuwar gada suka biyo. Duk wanda ya san Kaduna a da ya san yadda mota ke cushewa a gadar da ke tsakanin shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello da na tasha, har da daddare idan babbar mota ta lalace a kai. Na kalli matar tana shayar da jaririnta, na ce a raina, wannan gadar tana da lada a cikin ran nan. Haka fitilun kan titi: mu da muke tashi aiki bayan isha'i mun san bambancin tsayuwar jiran abin hawa a cikin duhu da tsayuwa a cikin haske.

To amma saurin da ya ceci matar nan, shi ne dai saurin da ke kawo mana yara a sume.

Titi mai ramuka yana da muni, yana karya mota, yana wahalar da mai ciki. Sai dai yana tilasta wa direba ya bi a hankali. Da aka shimfiɗa kwalta sumul aka ba kowane hannu layi biyu, sai ƙafar direba ta yi nauyi a kan totur. Unguwar kuwa tana nan yadda take. Makarantar tana tsallake, mai niƙa yana tsallake, kemis yana tsallake, gidan kakar yara ma yana tsallake. Abin da ya canja kawai shi ne, titin da yaro yake tsallakawa da taku goma yanzu sai ya yi ashirin da wani abu, ga shingen kankare a tsakiya da zai haura, ga motoci suna zuwa da gudun da bai saba gani ba.

Akwai wani yaro da ba na mantawa, bai fi shekara bakwai ba. An aike shi sayen maganin sauro gab da magariba. Ya tsallake rabin farko lafiya, ya tsaya a tsakiya, ya duba ɓangaren da mota take zuwa, ya ga babu komai, ya sa ƙafa. Ashe wani mai keke ya biyo hannun da ba nasa ba, saboda wurin juyawa ya yi masa nisa. Ƙashin cinya ya karye. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma ya yi makonni a kwance, zangon karatu guda ya wuce shi, uwar ta sayar da keken ɗinkinta. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda take ta maimaita, "Ni na aike shi, ni na aike shi." Na riƙe hannunta na ce, "Maman yara, ki daina. Shekara nawa kina aiken yara a titin nan ba abin da ya faru? Titin ne ya canja, ba wanda ya zo ya gaya miki."

To ni yau na zo in gaya miki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ki sake karanta wannan. Mu da muke tsoron ƙyanda da sanƙarau muna kai yara rigakafi, titin ƙofar gida ba ma sa shi a lissafi. Hukumar ta kuma ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 a awa zuwa 65, haɗarin mutuwar wanda ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Ƙarin kilomita 15 kacal, wanda direba ko ji ba ya yi a jikinsa idan kwalta tana da kyau. Dalilin ke nan da ya sa ake kira ga birane su tsayar da gudu a kilomita 30 a wuraren da mutane da motoci ke cakuɗuwa, kamar ƙofar makaranta da bakin kasuwa.

Sannan yaro ba ƙaramin babba ba ne. Kafin ya kai wajen shekara goma, ƙwaƙwalwarsa ba ta gama iya auna nisan mota da saurinta a lokaci guda ba. Yana ganin motar tana can nesa, bai san cikin daƙiƙa uku za ta iso ba. Gajere ne, motar da aka ajiye a gefen titi tana ɓoye shi daga direba, shi ma tana tare masa gani. Hankalinsa kuma abu ɗaya yake ɗauka: idan canjin da ke hannunsa ya faɗi, ko abokinsa ya kira shi daga tsallake, ya manta da mota ke nan. Wannan ba rashin wayo ba ne, halitta ce. Don haka duk wayon ɗanki, duk yadda ake yabonsa da iya aike, idan bai kai goma ba kada ki bar shi ya tsallaka tagwayen titi shi kaɗai. Kuma yarinya 'yar tara ba ta isa ta zama mai tsallakar da ƙanenta uku ba, balle a ce da goyo a bayanta.

Na san abin da wata za ta rubuto: "Anti Nas, to wa zan aika? Ni ba na fita, maigida yana kasuwa." Gaskiyarki ne, ni ma ba kullum nake gida ba. Abin da muka yi a layinmu shi ne, mu iyaye mata shida muka haɗa kai, muka samu wata dattijuwa da wani matashi ɗan maƙwabta suna karɓa-karɓa, su tattara yaran su tsallakar da su lokacin tafiya da lokacin tashi. Ɗan abin da muke haɗawa a wata bai kai kuɗin hoton ƙashi ɗaya ba. Aiken magariba kuwa na soke shi gaba ɗaya a gidana. Lokacin ne ido ba ya gani sosai, direbobi suna sauri su isa gida, yaranmu mata kuma galibi cikin hijabi mai duhu suke. Abin da ba a saya kafin la'asar sakaliya ba, ya jira babba ko ya jira gobe.

Idan kina tsallakawa da yaro, wuyan hannunsa za ki riƙe, domin tafin hannu yana zamewa idan ya fizge. Ki riƙa faɗin abin da kike yi da baki yana ji: mun tsaya, mun duba nan, mun duba can, mun sake dubawa. Ki koya masa cewa tagwayen titi tituna biyu ne, kowanne da tsayuwarsa, kuma a kowanne sai an duba ɓangare biyu saboda masu bin hannun da ba nasu ba. Wayar nan da kike karanta ni a kanta, ki jefa ta jaka har sai kun hau ɗaya gefen. In akwai gadar masu tafiya a ƙasa ku hau ta ko da ta ɗan yi nisa. Na sani, da tsohon ciki ko da kaya a ka hawan nan azaba ne, kuma wanda ya zana matakalar da alama bai taɓa goya yaro ba. Duk da haka ta fi gadon asibiti.

Allah Ya kiyaye, amma in abin ya faru a gabanki, ga abin da nake roƙo. Kada a fizgi yaron a saɓa shi a kafaɗa a ruga, domin idan wuya ko gadon baya ya taɓu, wannan ɗaukar ce take ƙarasa ɓarnar. A tare motoci, mutum ɗaya ya tallafe kai da wuya su tsaya a miƙe, a ɗauke shi a kwance kamar a kan katako. Inda jini ke fita a danne da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannawa, kada a zuba ƙasa ko baƙin mai ko garin magani. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, mai yiwuwa ne ya buƙaci tiyata, kuma wanda bai gama farfaɗowa ba yana iya shaƙewa. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ta ƙasa 122 ce, ki adana ta yanzu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yaron da ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya ce ba abin da ya same shi. Mai mota ya ba da haƙuri, jama'a su ce a yafe, kowa ya watse. Saifa tana iya fashewa jini ya riƙa tsiyaya a cikin ciki ba a gani, haka ma cikin ƙoƙon kai. A kai shi a duba ko da yana tafiya da ƙafarsa. In kuma an dawo gida sai ya fara amai a kai a kai, ko barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ko jijjiga, ko ciwon ciki, ko jini ko wani ruwa yana fita ta kunne ko hanci, a koma asibiti a daren, kada a jira safiya. Maganar masu ɗori kuwa, ba na raina kowa, amma a yi hoto tukuna a san irin karayar. Na ga hannun da aka ɗaure tamau har jini ya daina zuwa yatsu.

Sai kogin kansa. Abin mamaki, duk gyaran nan da aka yi, garin kamar ya juya wa koginsa baya. Muna bi ta kansa a mota, mu leƙa ta gada, shi ke nan. Muna yara ana kai mu Ƙofar Gamji da sallah, mu hau 'yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga da aka fara ginawa a Zungeru a 1904 kafin a kwanco ta a kawo Kaduna, mu tsaya kallon ruwa. Ban da irin wannan wuri, ina ne uwa za ta zauna da 'ya'yanta a bakin kogin nan hankali kwance, da inuwa, da shinge, da ban ɗaki? A unguwanni da yawa bakin kogi juji ne. Yara kuwa ba sa jiran a gyara musu, suna zuwa wanka a ɓoye. Idan ɗanki ya fara fitsari da jini a ƙarshensa, tsargiya ce mai yiwuwa, daga irin wannan ruwa ake ɗaukarta, kuma tana da magani a asibiti. Kada ki ce alamar balaga ce.

Kogin kuma ba ya manta hanyarsa. Ina 'yar makaranta aka yi ambaliyar damunar 2003, na ga katifu da tukwane suna yawo a kan ruwa. Har yanzu idan Agusta da Satumba suka zo, mutanen titin Kigo da Bashama da sauran unguwannin da ke kwari ba sa barci da ido biyu rufe. Ki lura da wani abu: duk filin da aka shafe da kwalta da siminti ya daina shan ruwa. Ruwan da a da ƙasa za ta tsotse yanzu yana bin sababbin magudanu a guje, ya sauka a kan na ƙasa. Magudanun manya ne, wasu sun fi tsayin yaro zurfi, kuma inda murfin ya karye ko aka sace shi, idan ruwa ya cika ya shafe ba ka bambance titi da rami. Ruwa mai gudu da bai kai rabin ƙwauri ba yana kayar da babba. In ana ruwa lokacin tashi daga makaranta, gara yaro ya makara ya sha faɗa. Mu kuma mu ji tsoron Allah mu daina ba yara shara su juye a kwalbati da zarar hadari ya haɗu. Ledar da kika zubar ita ce za ta toshe ruwan, ya kwanta ya haifi sauro, ko ya koma ɗakin wata.

Kasuwanni ma sun shafe mu ta inda ba a zato. An rushe Kasuwar Barci da ke Tudun Wada a watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan kafin kullen korona. Nan ne da yawanmu muke sayen gwanjon yara da kai ɗinki. An gina sababbin shaguna na bene masu kyan gani, amma mai 'yar tireda da mai tallan ganye ba kowacce ke da ƙarfin kama shago ba. Ina suka koma? Bakin titi. Da su da 'ya'yansu masu rarrafe, taku biyu daga tayar mota.

Abubuwan da suka rage ba masu tsada ba ne idan aka gwada da kuɗin gada. Tudun rage gudu a ƙofar makaranta, zanen tsallakawa mai fari da baƙi da jami'in da zai sa a girmama shi, ɗan buɗi a shingen tsakiya daidai inda mutane ke bi, murfin kwalbati, gefen titi da aka bar wa masu tafiya a ƙasa ba a mayar da shi wurin ajiye mota ba. Ba a cika yin su ba sai an nema, masu nema kuma galibi masu mota ne, su abin da ya dame su cunkoso. A taron iyaye da malamai na gaba ki ɗaga hannu ki kawo maganar. Ku sa shugaban makaranta ya rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, a kai wa kansila da hukumar kula da tituna, ku riƙe kwafi. Ku ɗauki hoton wurin da waya a lokacin da yara ke tashi, hoto ya fi dogon bayani. In an yi shiru ku sake komawa. Mu tamu takardar sau biyu muna kai ta, ranar Litinin za mu kai ta uku.

'Yan'uwa na Yamai, ku ma na san an yi muku sababbin gadoji da manyan gine-gine a bakin Kwara, haka na Yola da Makurɗi da ke zaune da Binuwai. Ku rubuto min a ƙasa yadda yaranku suke tsallaka titi zuwa makaranta, da dabarar da kuka samo a unguwarku, zan tattara in kawo a wannan fili.

Inna ta koma Sakkwato ranar Asabar. Har mota ta tashi tana leƙowa ta taga tana ce min, "'Yar nan, ban yafe ba in kika bar yaran nan suka tsallaka su kaɗai." Mako mai zuwa sai maganar yaye, mu fara da tambayar mai 'yan biyun nan da ɗaya ya ƙi kunu.